Shuhura da Gado: Da Wane Mizani Za a Auna Makaɗa?

Bahasinmu na yau shi ne, idan za a auna makaɗa, shin yawan masu tafi a zamaninsu za a duba, ko kuwa abin da suka bar wa na baya?

Ma'abota kiɗan jita a Ingila sun daɗe suna wannan muhawara a kan ƙungiyoyin da suka ɓullo a ƙarshen shekarun 1960, waɗanda gajeriyar waƙar rawa ba ta ishe su ba, sai suka shiga tsara kiɗa mai tsawo, mai babi-babi, wanda ke neman natsuwar mai saurare. Pink Floyd ta fitar da The Dark Side of the Moon a 1973, aka sayi fiye da kwafi miliyan 40. Ita kuwa King Crimson, wadda faifanta na farko ya fito a 1969, ko da yake cinikinta bai kama ƙafar wancan ba, makaɗa masu yawa da suka biyo baya a wurinta suka ɗauki darasi.

Mu ma a Nijar muna da irin wannan misali. Mamar Kassey, wadda Yakuba Mumuni mai sarewa ya kafa a 1995, da Tal National, wadda faifanta Kaani na 2013 ya kai ta Turai da Amurka, duk sun sami farin jini suna tsaye a dandali. Amma Mamman Sani, wanda ya ɗauki kaset ɗinsa na ogan a Yamai a 1978, duk da cewa rediyo da talabijin na ƙasa sun yi shekaru suna saka kiɗansa tsakanin shiri da shiri, har kunnen kowa ya haddace shi, ƙalilan ne suka san sunansa, sai da kamfanin Sahel Sounds ya sake buga aikin a 2013.

Malamanmu, idan za su faɗi darajar shehi, ba sa tsayawa ga cikar zaurensa, sai sun ƙidaya almajiran da suka karɓi ilimi daga gare shi suka isar. Haka ya kamata a yi wa makaɗi hukunci, domin shuhura takan zo da zamani ta tafi da shi, alhali gado sai an sami mai ɗauka.

Saboda haka muke tambaya: ina waƙoƙin Samariya na zamanin Seyni Kunce, ɗan Fandu, waɗanda matasan ƙasar nan suka kai gasa? Duk wanda ke da tsohon kaset a adaka, wajibi ne ya fito da shi a kwafa, kuma dattijon da ya iya goge ko gurumi ya zaunar da yaro ya koya masa tun da sauran ƙarfi.