Mai tausa da ido yake fara aiki

Da maraice, in manomi ya komo daga gona da ciwon baya, yakan kira ɗansa ya daddanna masa bayan. Wannan ita ce tausa. Tana sa tsoka ta saki, tana rage gajiya da ciwo. A manyan asibitoci akwai ma'aikatan da suka yi karatun tausa da motsa gaɓoɓi. Su kam ba sa gaggawar ɗora hannu a jikin mutum. Sai sun dubi yadda yake tsaye, da yadda yake tafiya, da yadda yake zama tukuna. Mene ne amfanin wannan dubawa?

Ginshiƙin jiki

Babban mutum yana da ƙasusuwa 206 da tsokoki fiye da 600. Ƙashin baya shi ne ginshiƙin jiki. Ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 jere bisa juna: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a kwankwaso, sauran kuma sun haɗe a ƙasa. In an dube shi ta gefe, yana da ƴan lanƙwasa na halitta. In an dube shi ta baya, ya kamata ya sauko a miƙe.

Tsokoki ne suke riƙe da wannan ginshiƙi ta kowane gefe, kamar igiyoyin da suke riƙe da tanti. Kan babban mutum ya kai nauyin kilo 5. In tela ya wuni kansa a sunkuye bisa keken ɗinki, tsokokin bayan wuyansa ne suke ɗauke da wannan nauyi. Da dare sai su yi tauri.

Yadda ake dubawa

Mutum zai tsaya ba takalmi a wuri mai lebur. Mai tausa zai dube shi ta gaba da ta baya. Kafaɗunsa daidai suke, ko ɗaya ta fi ɗaya tashi? Ƙugunsa ya karkata? Sa'an nan zai koma gefe. Wasu suna rataya igiya mai ɗan nauyi a ƙarshenta, irin wadda magini yake gwada bango da ita. Kunne da kafaɗa da ƙugu da gwiwa da idon sawu su kasance kusa da igiyar. Daga nan sai a ce mutumin ya yi tafiya, ya duƙa, ya waiwaya dama da hagu. Har takalminsa ake dubawa, a ga wane gefe ya fi cinyewa.

Bayan dubawa sai tambaya: Wace sana'a yake yi? Yaushe ciwon ya fara? Me yake ƙara shi, me yake rage shi?

Amfanin farko: sanin inda za a taɓa

Inda ciwo yake, ba kullum nan ne mafarinsa ba. Wanda ya taɓa karyewa a cinya, ƙafar ta warke amma ta ɗan gajarce, ƙugunsa yakan karkata, kwankwasonsa ya riƙa ciwo. In an tausa kwankwason kawai, zai ji sauƙi yau, jibi ciwon ya komo. Wataƙila abin da yake bukata shi ne a ƙara wa takalminsa ɗaya tsayi. Haka matar da take ɗauko tulu mai lita 20 daga rijiya: kilo 20 na ruwa ke nan bisa kanta, ban da nauyin tulun. Tausa za ta taimake ta, amma sai an haɗa da shawara: ta lanƙwasa gwiwa in za ta ɗauka, ta nemi mai ɗora mata.

Amfani na biyu: sanin inda ba za a taɓa ba

Wannan shi ya fi girma. Tausa ba ta miƙar da ƙashi. Akwai yaran da ƙashin bayansu yake karkacewa gefe lokacin da suke girma, galibi tsakanin shekara 10 da 15, kuma ya fi tsananta ga ƴan mata. A shekara ta 1865 wani likita a Ingila mai suna William Adams ya bayyana hanya mai sauƙi ta gane shi. Yaro zai haɗe ƙafafunsa, ya duƙa gaba, hannayensa na lilo. In haƙarƙarin gefe guda ya fi tashi, sai a kai shi asibiti.

Akwai kuma tarin fuka da yake kama ƙashin baya. Yakan zo da ciwon baya mai daɗewa, da zazzaɓi, da rama, har ƙashi ya turo ya zama doro. Danna irin wannan baya haɗari ne, don jijiyar da take sa ƙafafu motsi ta cikin ƙashin take bi. Maganinsa ƙwayoyi ne da ake sha wata da watanni. In an fara da wuri, mutum yakan warke. Haka nan ba a tausa wurin da ya kumbura ya yi zafi, ko wurin da ake zaton karaya.

Ba kowace karkata ce cuta ba

Babu mutumin da gefensa na dama da na hagu suka yi daidai ɗari bisa ɗari. Mutane da yawa suna da kafaɗa ɗaya da ta fi ɗaya tashi, kuma lafiyarsu lau. Binciken likitoci ya nuna babu wata tsayuwa guda da ta dace da kowa, kuma daɗewa a hali guda yana gajiyar da tsoka. Don haka mai tausa na kirki ba ya tsorata mutum. Yana haɗa abin da ya gani da abin da aka gaya masa. Ɗan makaranta ma, in ya daɗe zaune bisa benci, ya kamata ya tashi ya miƙe jiki lokacin hutu.

Tambayoyi

1. Ƙasusuwa nawa ne a ƙashin baya?
2. Don me ake duba takalmin mai ciwon baya?
3. A wane hali ne bai kamata a yi tausa ba?