Zanen Gado Mai Sa Hannun Baƙi: Aikin Tun Kafin Biki Ake Yinsa

A shirinmu na wannan mako mun taɓo wata dabara ta ajiye tarihin biki. Kun san yadda abin yake a Zongon Kwatano: dangi su taso daga Maraɗi, Sakkwato ko Kano, a yi kwana uku ana hidima, kowa ya kama hanya. Wata tsohuwar ma, wannan zuwan shi ne na ƙarshe. To dabarar ita ce a ba kowane baƙo ƙyalle ɗaya ya rubuta sunansa ko addu'a, daga baya tela ya haɗa su, su zama zanen gado na amarya.

Abin ya yi tashe a Amurka tun wajen 1840. Wata budurwa, Adeline Harris, ta fara tara sa hannu a 1856, har ta haɗa 360 a kan siliki, ciki har da na Abraham Lincoln. Aikin nata yana gidan tarihi na Metropolitan a New York. Mu ma nan Benin, haɗa ƙyallaye ba baƙon abu ba ne: maɗinkan Abomey da shi suka adana alamun sarakuna, ɓauna ga Gezo, zaki ga Glele.

To yaya ake shirya ƙyallayen?

Na farko, a nemi farin yadi na auduga zalla. Mai santsi ba ya riƙe tawada. A wanke shi tukuna don sitacin ya fita, kuma in zai tsuke ya tsuke tun yanzu. Sai a goge.

Na biyu, a yanka su daidai wa daida, misali santimita 17 kowane gefe. A ja layi da fensir, santimita ɗaya daga baki. Nan ne keke zai bi. Duk wanda ya ƙetare layin, ɗinki zai cinye masa rabin suna. Gara a yanke kwali kamar taga a ɗora a kai, yadda ba inda za a rubuta sai tsakiya. A sa wani kwalin a ƙasa, a maƙale da allura, kada ƙyallen ya riƙa motsi.

Na uku, abin rubutu. Ban da biro na makaranta, ban da tawadar allo, domin ita dama don a wanke aka yi ta. A samo alƙalamin da aka yi don rubutu a tufafi, a gwada a ƙyalle ɗaya, a goge shi da zafi, a wanke, a gani ko ya zuba. In ba a samu ba, a rubuta da fensir, daga baya a bi kan rubutun da zare.

Ga lissafi: ƙyalle 60 na sa hannu, a tsarma 60 na atamfar anko, za su ba da zane mai santimita 150 a faɗi, 180 a tsawo. A yanka rara, don kuskure ba ya ƙarewa.

Ranar biki a ajiye mutum ɗaya a teburin. Mai boko ya yi boko, mai ajami ya yi ajami, wadda ba ta rubutu a rubuta mata sunanta da garinsu. A fara da tsofaffi, kafin gajiya ta kama su.

Allah ya ba da zaman lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.