Shin Duk Addinai Hanya Ɗaya Suka Nufa? Amsar Kirista

Ranar 13 ga Satumban 2024, marigayi Fafaroma Francis ya zauna da matasa mabiya addinai daban-daban a Singafo. Ya ajiye rubutaccen jawabinsa ya yi magana da ka, kuma a cikin hirar ya ce dukkan addinai hanyoyi ne na isa ga Allah. Kafin a ce me, maganar ta karaɗe duniya. Wasu suka yi murna, wasu kuma, cikinsu har da Charles Chaput, tsohon babban bishop na Filadelfiya a Amurka, suka ce a kula, domin ba haka coci ya koyar ba.

Muhawarar ta girmi Francis. A 1973 masanin falsafa ɗan Ingila John Hick ya kawo ra'ayin cewa Kiristoci su daina ɗaukar addininsu a matsayin cibiya: Allah ne cibiya, addinai kuma suna kewaye shi. Bayan shekara 10 wani masani mai suna Alan Race ya kasa ra'ayoyin Kiristoci gida uku: masu cewa babu ceto sai ga wanda ya gaskata da Yesu, masu cewa ceton Yesu na iya riskar wanda bai taɓa jin sunansa ba, da masu cewa kowane addini na kai mutum ga ceto da ƙashin kansa. Abin lura shi ne rukuni biyun farko, inda yawancin Kiristoci suke, sun haɗu kan cewa ta wurin Almasihu ceto yake. Saɓaninsu a kan faɗin ƙofar ne kawai.

Dalilinsu yana cikin Littafi Mai Tsarki. A Yohanna 14:6 Yesu ya gabatar da kansa a matsayin hanya guda zuwa wurin Uba, Bitrus kuma ya maimaita hakan a Ayyukan Manzanni 4:12. Amma wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne Bulus a Atina, a sura ta 17. Yana yawo cikin birni cike da gumaka, ya tarar da wani bagade da aka keɓe wa allahn da ba a sani ba. Bai zagi mutanen ba. Ya yarda suna neman Allah, har ya kafa hujja da mawaƙansu. Sai da ya ambaci tashin Yesu daga matattu taron ya rabu: wasu suka yi masa ba'a, wasu suka ce a bari sai wani jiƙon, kaɗan suka bi shi. Karniliyus ma, hafsan sojan Rum, an ce Allah ya karɓi addu'arsa da sadakarsa, amma duk da haka aka aika masa da Bitrus.

Kan wannan layi Cocin Katolika ya bi. Takardar Nostra Aetate ta 1965 ta ce coci ba ya watsi da duk abin da yake gaskiya da tsarki a cikin sauran addinai, ta kuma ambaci Musulmi da girmamawa a matsayin masu bauta wa Allah ɗaya. A 2000 sai takardar Dominus Iesus ta ja kunne cewa wannan ba ya nufin addinai duk ɗaya ne wajen ceto.

A ganina, maganar "duk ɗaya ne" tana da daɗin ji, amma ba ta mutunta kowa. Kirista ya ce an gicciye Yesu ya mutu ya tashi, kuma a nan cetonsa ya rataya. Musulmi, bisa Suratun Nisa'i aya ta 157, ya ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba. Mabiyin Buda na ɗariƙar Theravada kuwa ba ma Mahalicci yake nema ba. Wanda ya ce musu duk abu ɗaya suke faɗa, ya nuna ke nan ya fi su sanin addininsu.

Nan ne tsohon labarin makafi da giwa ke shigowa, wanda masu ra'ayin Hick ke son kawowa: wannan ya taɓa haure, wancan ƙafa, kowa ya ce shi ya san giwa. Lesslie Newbigin, wanda ya daɗe yana aikin bishop a Kudancin Indiya, ya amsa a littafinsa na 1989 da tambaya: wa ke ba da labarin? Ai mai ido ne, wanda ya ga giwar gaba ɗaya. Ashe shi ma iƙirarin mallakar gaskiya yake yi, sai dai ya lulluɓe shi da tawali'u.

Ana yawan fargabar cewa riƙe bambanci shi ke haifar da rikici. Kaduna ta ba da wani misali dabam. Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannu a wani rikici a 1992, da Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan uwa, sun fara aikin sulhu tare tun 1995. Har yau faston bai bar wa'azin gicciye ba, limamin kuma yana nan kan tauhidinsa.