Kafin Ka Mayar da Kifi Ruwa a Bazara, Karanta Wannan

Mu yaran bakin ruwa, da wuya a samu wanda bai taɓa jefa fatsa ba. Ranar Asabar mukan tafi bakin kogi, mu kama 'yan ƙananan karfasa, mu yi ta wasa da su a kan yashi, in mun gaji mu wurga su cikin ruwa mu ce mun sake su. Jim kaɗan sai ka ga wasu sun taso, cikinsu a sama. Wannan ya sa muka yi tambayoyi a darasin kimiyya da kuma wajen masunta, ga abin da muka samo.

Kifi ma yana buƙatar iskar oksijin kamar mu, sai dai shi daga cikin ruwa yake samun ta. Matsalar ita ce, ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar da yawa. Idan zafin ruwa ya kai digiri 20 a ma'aunin Selshiyas, lita ɗaya tana iya riƙe kusan miligiram 9 na oksijin. Idan ya kai digiri 30, sai ya ragu zuwa kusan 7.5. Kuma jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki, don haka a watannin Maris, Afrilu da Mayu jikinsa yana aiki da sauri, yana neman iska fiye da kullum. Wato buƙata ta ƙaru, abin da ake buƙata ya ragu. Kifin da ya sha kokawa da ƙugiya a wannan hali ya riga ya galabaita. Idan aka ƙara riƙe shi a rana, ko an mayar da shi yana iya mutuwa daga baya.

A Amurka da Kanada akwai wani babban kifi da ake kira maski. Yawancin masu kama shi don nishaɗi suke yi, su ɗauki hoto su sake shi. Da yawansu suna dakatar da kamun idan zafin ruwa ya kai wajen digiri 27, saboda tsoron kada kifin ya mutu bayan an sake shi. Mu a nan don abinci da sana'a muke su, amma darasin ya shafe mu, domin akwai kifin da bai kamata mu kai gida ba.

Na farko shi ne ɗan ƙarami wanda bai taɓa yin ƙwai ba. Giwan ruwa yana iya wuce kilo 100, amma sai an bar shi ya girma. Na biyu ita ce uwar karfasa da ke ɗauke da ƙwai ko 'ya'ya a cikin bakinta. Wanda ya kashe ta ya kashe ɗaruruwa tare da ita.

To, yaya za a saki kifi ya rayu?

1. A je su da sassafe, lokacin da ruwa bai yi zafi ba, a guji tsakar rana.
2. A jawo kifin da wuri, kada a bar shi yana ta fama da zare.
3. A jiƙa hannu kafin a taɓa shi. Yauƙin jikinsa shi ne rigarsa, yana kare shi daga cuta. Busasshen hannu da yashi suna goge shi.
4. Kada a tura yatsa cikin jan wurin nan na gefen kansa, da shi yake numfashi.
5. A cire ƙugiya yana cikin ruwa in zai yiwu. Idan ya haɗiye ta, a yanke zaren, kada a fizge.
6. Kada a wurga shi. A riƙe shi a hankali cikin ruwa har ya motsa ya tafi da kansa.

Idan kuwa ya ji mummunan rauni yana zubar da jini, gara a kai shi tukunya da a jefar da shi ya ruɓe.

Barin kifi ya huta ba baƙon abu ba ne a Jihar Kebbi. A Argungu ana hana su a Matan Fada har sai lokacin bikin kamun kifi, shi ya sa ake fito da manya. A tafkin Kainji kuma, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, an hana jan taru mai ƙananan idanu da ake kira dala, domin yana kwashe 'ya'yan manyan kifaye tare da warangi.

A cikinmu akwai waɗanda da kuɗin kifi ake saya musu littafi da kayan makaranta. Idan kifi ya ƙare a Shanga, Yauri da Ngaski, mu ne za mu fara ji a jikinmu. Saboda haka muna roƙon 'yan uwanmu ɗalibai, a wannan bazara duk wanda ya kama ƙaramin kifi ya jiƙa hannu, ya mayar da shi nan take. Muna kuma roƙon malamanmu su taimaka mana da ma'aunin zafi, mu auna ruwan da safe da kuma da rana, mu manna sakamakon a wannan allo.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.