Masu Sara Biyu, Bishiya Ɗaya: Wa Za A Ba Aikin?

Ya 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai na Gwiwa da Roni da Kazaure har Babura, yau za mu ɗan jingine zancen buhu da tiya, mu taɓa wani ciniki na cikin gida wanda yakan kai maƙwabta gaban dagaci. Shi ne sha'anin datse bishiya.

Da wuya ka shiga gida a ƙasar nan ba ka ga darbejiya ba. Baƙuwa ce, asalinta ƙasar Indiya. An fara dasa ta a Barno a 1928, kuma bayan farin 1973 dashenta ya ƙara yawaita a Arewa. Tana da saurin girma, don haka kafin maigida ya ankara reshe ya hau kan kwano, ko ya leƙa rumbu, ko ya tsallaka katangar maƙwabci. In aka bar shi, iskar farkon damina ce za ta sauke shi, ita kuwa ba ta zaɓen inda zai faɗa.

To, ga mutum biyu sun zo neman aikin. Dukkansu gwanayen hawa ne, kowa na da gatari da igiya, kowa an ga aikinsa a gari an yaba. Wa za a ba? A cikin Suratul Ƙasasi, inda aka ba da labarin ɗaukar Annabi Musa, alaihissalam, aikin lada, abu biyu aka ambata, ƙarfi da amana. Ƙarfi ido ke ganinsa, kuma su biyun sun yi kunnen doki a kansa. Amana kuwa sai an zauna an yi sharaɗi take bayyana.

Abu na farko, a tambayi wa zai ɗauki iccen. Mu buga misali. Wannan ya ce a ba shi naira 20,000, icce na mai gida. Wancan ya ce 8,000 ta ishe shi, amma shi zai kwashe abin da ya sare. Mai gaggawa sai ya ce na biyu ya fi araha. Alhali icce haja ce, ga masu burodi, ga masu tsire, ga motocin da ke ɗiba zuwa Kano. Wanda ladansa icce ne, kowane reshe kuɗi ne a wurinsa, sai a fita kasuwa a dawo a tarar an yi wa bishiya ƙwal, babu inuwar da akuya za ta fake. Ba mu ce mugu ne ba, sharaɗin ne ya tura hannunsa. Saboda haka a raba cinikin biyu. A yanka ladan sara daban. In an gama, a tara iccen a ƙasa, a yi masa kuɗi daban, mai so ya saya. Wanda ya yarda da wannan cikin su biyun ya ci mataki guda.

Na biyu, mu masu hatsi ba ma yarda da bakin buhu, sai mun zura hannu can ciki. Haka nan a kai kowannensu gindin bishiyar, ɗaya bayan ɗaya, a ce ya nuna reshen da zai cire da inda zai sauke shi. Masani zai ce zai ɗaure reshe da igiya, ya fara sara ta ƙasa kafin ya gama ta sama, don kada ɓawo ya yage har jikin bishiya, ruwa da gara su sami ƙofa. Zai duba ko akwai zuma a kogo. Zai kuma san cewa darbejiya tana tohowa ko an datse ta sosai, tsamiya tana da nawar dawowa, giginya da dabino kuwa in an sare kansu sun tafi ke nan. Wanda ya ce "kai dai bari ka gani, Alhaji" bai ba da amsa ba.

Na uku, zancen ɓarna. Mun karanta a Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani cewa ijara sai da lada sananne da wa'adi sananne. To, a ƙara da wannan: in reshe ya karya kwano ko ya rushe katangar maƙwabci, wa zai gyara? In mai hawa ya ji ciwo, wa ke da kuɗin magani? A faɗa gaban shaidu biyu tun gatari bai taɓa bishiya ba, a kuma sanar da maƙwabci ranar aiki don ya kau da yara da dabbobi. In akwai wayar lantarki kusa, kada kowa ya hau sai ma'aikatan KEDCO sun ɗauke wuta. Wanda ya ce zai iya lallaɓawa haka nan, a sallame shi ko kyauta zai yi.

Na huɗu, wa ya tsaya masa? Dillali ba ya cin la'ada a banza, don shi ake riƙewa in kaya sun ɓaci. Mai saran da mai unguwarsa ya san shi, wanda za a iya zuwa ƙofar gidansa gobe, ya fi baƙon da ya biyo mota, ko da hannunsu ɗaya.

Game da lokaci, mun fi son bayan kaka, cikin sanyi, don bishiya ta toho kafin zafin bazara, sa'ad da inuwa ta fi komai daraja a tsakar gida. In kuwa tumɓuke bishiyar za a yi gaba ɗaya, a fara zuwa wurin dagaci da malamin daji na ƙaramar hukuma. Ƙasarmu bakin hamada take. 'Yan'uwanmu na Maraɗi, tun daga 1983, sun kama abin da suke kira sassaben zamani, watau a rage rassan toho a bar masu ƙarfi su girma, har gonakin da suka tsiraita suka sake cika da itatuwa. Ashe akwai saran da ke raya bishiya, shi za a nema.

In an auna duk wannan kuma har yanzu sun yi daidai, kada a ɓata dare da tunani. A yi istihara, ko a yi ƙuri'a a gabansu, shari'a ta yarda da ita inda haƙƙi ya zo ɗaya. Abin da ba mu so shi ne ɗaukar kuɗin wannan a kai wa wancan don a karya shi, gobe a komo wurin na farko. Wanda bai samu ba a gaya masa a fili, da fuska sake, don baɗi ma reshe zai fito. Wanda ya samu kuwa a biya shi ran da ya sauko, ba a ce sai ranar kasuwa ba.

Allah ya tsare mai hawa, ya tsare na ƙasa, ya sa albarka a cinikinmu.