Ƙuri'a Kaɗai Ba Ta Kashe Wutar Yaƙi: Abin da Ya Faru a Laberiya

Da zarar an tsagaita wuta a ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita, kiran farko da ake ji shi ne a yi zaɓe. Laberiya ta amsa wannan kira sau biyu. Na farko ya mai da ita fagen fama, na biyu ya ɗore har yau. Me ya bambanta su?

Yaƙin basasar ƙasar ya ɓarke a Disambar 1989, ya lashe rayukan mutum wajen 250,000 kafin ya ƙare a 2003. Sojojinmu na Najeriya su ne ƙashin bayan rundunar ECOMOG da ta shiga tsakani tun 1990. A 1997 aka yi zaɓe, madugun 'yan tawaye Charles Taylor ya kwashe kusan kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'u. Ba wai ƙaunarsa ce ta yi yawa ba. Mutane da dama sun san in ya faɗi, daji zai koma, ga yaransa ba su gama ajiye makamai ba. Kenan tsoro ne ya dangwala ƙuri'ar. Shekara biyu kacal, wasu 'yan tawayen suka taso, aka koma gidan jiya.

A karo na biyu ba a yi gaggawa ba. A Agustan 2003 Taylor ya sauka ya samu mafaka a Kalaba, aka ƙulla yarjejeniya a Accra, aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta jibge dakaru kusan 15,000, aka kwance ɗamarar mayaƙa sama da 100,000, aka rusa tsohuwar rundunar soja don a gina sabuwa. Sai a 2005 aka je rumfar zaɓe, Ellen Johnson Sirleaf ta ci, ta zama mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙasa a Afirka.

To amma akwai matsalar da ta fi ta bindiga wuyar sha'ani, wato hukunci. Ya za a yi da waɗanda suka zubar da jini? In ka kama su, magoya bayansu su tada ƙayar baya. In ka ƙyale su, wanda aka kashe wa iyaye ya daina yarda da kotu. Taylor ya samu ɗaurin shekara 50, amma kan laifukan da aka aikata a Saliyo. A cikin gida kuwa, hukumar gaskiya da sasantawa ta ba da shawara a 2009 cewa a gurfanar da madugan yaƙi, rahoton ya sha ƙura. Prince Johnson, wanda yaransa suka kashe Shugaba Samuel Doe a 1990, sanata ya zama, kuma yana kan kujerar har ya mutu a 2024. Sai a 2024 ne Shugaba Joseph Boakai ya sa hannu kan umarnin buɗe ofishin da zai shirya kafa kotun laifukan yaƙi.

Ga kuma talauci. Saurayin da ya tashi da bindiga a hannu, babu boko babu sana'a, kowane ɗan siyasa na iya sayensa da kuɗin shinkafa.

Duk da haka, ku dubi inda aka kai. A Janairun 2018 Sirleaf ta miƙa mulki ga George Weah, karo na farko tun 1944 da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa wani zaɓaɓɓe. A 2023 Weah ya faɗi da tazarar ƙuri'a wajen 20,000, ya kira Boakai ya taya shi murna tun ba a gama sanar da sakamako ba. A ƙasar da faɗuwa zaɓe kan sa a ɗauki makami, shekara 20 aka yi ana gini kafin a samu wannan kiran waya guda.