Ingancin Awon Ji Wajen Gano Kurumtar Da Ƙarar Wurin Aiki Ke Haddasawa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba ko za a iya dogara da awon ji da ake yi wa ma'aikata shekara-shekara. Dalili kuwa shi ne, ƙwayoyin ji na can cikin kunne idan ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa, saboda haka awon da ya kasa nuna ɓarna da wuri bai amfani ma'aikaci da kome ba.

Hanyar da aka fi bi ta samo asali ne daga Hughson da Westlake a 1944, sa'an nan Carhart da Jerger suka gyara ta a 1959. Akan sa wa mutum na'ura a kunne, a aika masa da sauti. In ya ji, a rage desibel 10. In bai ji ba, a ƙara 5, har a kai ga mafi ƙanƙantar sautin da yake kamawa. Watau dai awon ya rataya ne a kan amsar wanda ake aunawa. Mutum ɗaya mai lafiyayyen kunne, in an auna shi sau biyu a yini guda, sakamakon yakan saɓa da kamar desibel 5, ko sama ko ƙasa.

To, a Amurka, dokar hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata, watau OSHA, ta 1983 ta ce ji ya ragu idan matsakaicin sakamakon sautuka masu kaifin haz 2000 da 3000 da 4000 ya sauka da desibel 10 daga awon farko. Idan awon farko ya kauce da 5 ta gefe ɗaya, na biyu kuma ya kauce da 5 ta ɗaya gefen, ga desibel 10 nan alhali kunne lafiyarsa lau. Ɗaukar matsakaici yana rage irin wannan kuskure, amma yana jawo wani wanda a ganinmu ya fi muni. Ƙara takan fara ɓarnarta ne a wajen haz 4000. Alal misali, ma'aikacin da ya rasa desibel 25 a nan kaɗai, matsakaicinsa bai kai 9 ba, sai a ce masa kunnensa garau. Cibiyar bincike ta NIOSH kuwa a 1998 shawararta ita ce a lura da raguwar desibel 15 a ko wane sauti guda, muddin ta sake bayyana a awo na biyu.

Har ila yau akwai toshewar ji ta wucin gadi bayan an wuni cikin ƙara. Shi ya sa dokar ta 1983 ta bukaci hutun awa 14 daga ƙarar aiki kafin awon farko. In aka yi sakaci a nan, ma'aunin da za a riƙa kwatanta sauran shekaru da shi ya gurɓace tun daga tushe. Sabon ma'aikaci ma bai saba da na'urar ba, shi ya sa sakamakonsa kan inganta a awo na biyu ko na uku, wannan kuwa yakan rufe ɓarnar da ta soma.

Mura, da dauɗar kunne, da karkacewar na'ura a kan kunne, da hayaniyar ɗakin awo duk suna taɓa sakamako. A nan ƙasarmu, inda janareta kan yi ruri a bayan tagar asibiti, hayaniyar ba ƙaramar matsala ba ce. Haka kuma wajibi ne mai awo ya tambayi ma'aikaci ko an taɓa yi masa allurar sitireftomaisin ko jentamaisin, domin su ma suna kashe ji, kuma a sautuka masu kaifi suke farawa.